Kawu Zagaye da Hular da Ba Ta Faɗi Ba

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa a Jiratawa, na ƙirga motocin da suka zo har lissafi ya ƙwace mini. Kada wani ya ce ba ni da imani. Kuka na yi, har gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Amma idon tsohon direba ba ya barin mota ta gifta bai duba ta ba, ko da hawaye a cikinsa. Motoci sun cika layin gidan, sun gangara bakin gonakin zogale, har wani mai amalanke ya rantse mini sai da ya biyo ta Tsibiri kafin ya samu hanyar shiga gidansa, alhali gidan nasa yana kallon na Kawu. Na ce a raina, kai wannan bawan Allah, ko a mutuwa sai ka fi ni. Ni ranar tawa, in aka samu babur uku da adaidaita ɗaya, matata sai ta yi sadakar godiya.

Kowa da irin kukansa. Tsofaffin sojojin da suka yi aiki da shi sun zo su huɗu, duk ƙafafunsu na rawa, suka jeru suka ƙame, ɗaya ya ɗaga hannu zai sara sandarsa ta faɗi. Matan Tsibiri, dangin mahaifiyata, sun cika tsakar gida suna ba da labarin yadda yake aiko musu da albasa ba tare da ya faɗi daga wa ba. Alhaji, tsohon maigidanmu ni da Kawu, an kamo shi daga mota an zaunar, yana ta jan carbi. Sai kuma wani mutum mai sanda biyu da ɗamarar ƙarfe a baya, wanda muke kira Ƙaramin Kumanda. Ba dangi ba ne, ba suruki ba, amma kukansa ya danne na kowa. Na yi ta kallonsa ina jin haushi. Kawun nawa ne, ƙanen uwata ciki ɗaya, amma ko a kuka sai da aka sha gabana.

Duk wanda ya durƙusa gaisuwa, abu ɗaya yake faɗa: Allah ya jiƙan Zagaye. Har liman, da ya tashi yin addu'a, sai da bakinsa ya zame ya faɗi sunan kafin ya gyara. Rabin mutanen da ke wurin ba su san Kawu yana da wani suna ba. Kowa na faɗinsa da ƙauna, ni kuwa kowane faɗi kamar an dunƙule hannu an sa mini a ƙirji, don ni na laƙa masa shi, kuma ba da ƙauna na laƙa ba. Da liman ya roƙi jama'a duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa, kowa ya amsa an yafe. Ni na rasa wanda zai roƙa mini shi. Shekara goma sha ɗaya ina shirin neman gafararsa, ban nema ba. Wannan ne ya sa na zauna rubutun nan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce lambar mota ba.

Kishin Kawu na taso da shi tun a gidanmu na Tsibiri. Shi aka sa lakwal, wato makarantar boko, ya wuce soja, can ya koyi tuƙin jirgin sama. Duk ranar da zai zo gida, mahaifiyata sai ta yanka zakaran da muka yi wata uku muna yi wa kallon namu. A ba shi cinyoyi, a ba ni wuya. Na ci wuyan kaji a dalilin mutumin nan har na fara jin nawa wuyan yana ƙara tsawo. Shi kuma ba ya ma cinye cinyar. Zai gutsura, ya turo mini kwanon da ƙafa a ɓoye, ya ci gaba da hira kamar bai yi ba. Wannan ma haushi yake ba ni. Ina ma mugu ne, da na ƙi shi hankali kwance.

Mutum ne gajere, mara hayaniya, mai tafiya kamar yana tsoron tada ƙasa daga barci. Ba ya shiga abin hawa sai ya kewaya shi. Jirgi ne, mota ce, ko amalanken jaki, sai ya bi ya duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓa nan ya taɓa can. Ranar da za a kai ni ganin matar da na aura, sai da ya tsayar da mu ya kewaye motar aro sau biyu, har na ce masa, Kawu, yarinyar za ta tsufa. In ya zo ƙofar gida ya ji ana ɗaga murya a ciki, ba ya sallama. Zai juya, ya je ya sha shayi a bakin titi, ya dawo bayan an huce. Maganarsa kullum ɗaya ce: in abu bai daidaita ba, ka tashi ka sake. Yana faɗa wa mai ɗinki, yana faɗa wa mai gini, ya taɓa faɗa wa wani liman da ya rikice a karatu.

Shi ya samo mini aiki wurin Alhaji, wani babban ɗan kasuwa mai gida a unguwar Zariya ta Maraɗi da kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, da ba su ƙirguwa. Cikin shekara kaɗan na zama babban direbansa. Jama'a, na yi sarauta. Daga Maraɗi zuwa Yamai, zuwa Kano, zuwa bakin teku, ni ne a gaba, Alhaji a gefena, don ba ya son kujerar baya. Asirin da na ji a motar nan, in na buɗe baki rabin kasuwa sai ta rufe. Rigar da Alhaji ya sa sau biyu tawa ce. In na shiga Sabon Gari, mahauta tashi suke yi tsaye. Wanda ke son ganin Alhaji sai ya fara ganina, kuma ba a ganina hannu biyu.

Sai Alhaji ya sayi jirgi. Ɗan ƙarami, fari fat, mai kujeru takwas da hanci kamar na gafiya. Aka ce wa zai tuƙa? Ga Kawu ya bar soja yana zaune. Aka ɗinka masa farar riga mai zare-zaren zinariya a kafaɗa, aka ba shi hula mai baki, gari duka ya koma kiransa Kumanda. Ni kuma, sarkin jiya, aikina ya koma daga Zariya zuwa filin jirgi, daga filin jirgi zuwa Zariya. Tafiyar da ko goro ba ka gama taunawa ba an iso. In tsaya a rana riƙe da ƙofar mota, su sauko daga sama suna ƙamshin sanyi. Rigunan Alhaji suka sauya hanya. Mahautan Sabon Gari suka gano ashe gwiwoyinsu na ciwo.

Na roƙi Kawu ya ɗauke ni ko sau ɗaya, ko a ƙarƙashin kujera ne. Ya ce jirgin ba nasa ba ne, ba zai sa mutum ba sai mai shi ya ce. Na ce to ka roƙa mini. Ya ce shi ba ya roƙon maigida abin da ba na aiki ba. Muka yi cacar baki a zauren mahaifiyata, ko in ce na yi, don shi shayinsa kawai yake kurɓa. Na ce masa tuƙin jirgi ai ba tuƙi ba ne: ba rami, ba jaki, ba jandarma, sarari ne fetal, ko matata za ta iya. Ya yi dariya, ya cire takalminsa ɗaya, ya mai da tabarma pist, wato doguwar shimfiɗar gudron, kwaltar da jirgi ke sauka a kai. Ya nuna mini yadda ake gangarowa. Ya ce tashi kowa na iya tashi, sauka ce aikin. Tun daga nesa dole gudu ya zama daidai, tsayi daidai, hanci ya kalli tsakiyar pist. In ka zo kusa ɗaya daga ciki ya kauce, ko iska ta juyo ta bayanka tana tura ka, ba a gyara a ƙasa. Wuta ake ƙarawa a koma sama a zagayo. Ya ce shi sau biyu yake gwadawa. In ta ƙi, ya nemi wani gari tun da sauran mai, don zagaye ma yana da iyaka. Na ce masa ni dai ban taɓa zuwa ƙofar gida na koma ba. Ya mayar da takalminsa.

Ranar da abin ya faru, ranar ɗaurin auren babbar ɗiyar Alhaji ce, tsakiyar damina. Za a ɗaura a Tsibiri bayan azahar. Alhaji ya tafi Yamai da kansa ɗauko manyan baƙi. Kun san al'adarmu: babban mutum ba ya sauka shiru. Mota ta fi ashirin a bakin fili, da makaɗa, da maroƙa, da dangin ango, an shimfiɗa tabarmi a jikin waya. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa. Sai ga jirgi ya ɓullo, ƙafafu a waje. Makaɗa suka saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Ya gangaro, ya gangaro, har muna ganin tagoginsa, sai ya yi wani ƙugi ya ɗaga hanci ya koma sama. Kiɗa ya mutu a hannun makaɗa.

Ya zagayo ya sake dawowa. A lokacin iska ta haukace. Ta naɗe tabarmi, ta fizge hulata, wata ja mai aikin hannu da Alhaji ya ba ni, ta yi cikin fili da ita. Na bi ta da gudu, da tumbina da kome, ina tuntuɓe, har jirgin ya wuce ta saman kaina ya sake tashi. Hular ban ƙara ganinta ba. Ina jin yanzu tana kan wani a Agadas. Na dawo ina haki, mutane na yi mini dariya, sai na ga hanyar juya dariyar kan wani. Na ɗaga murya na ce: "Jama'a, a koma gida. Kawuna ba sauka ya zo yi ba, zagaye ya zo yi. Sai ya kewaye Maraɗi unguwa-unguwa ya gaida kowa." Wuri ya fashe. Wani maroƙi ya cafe maganar tun ba ta faɗi ƙasa ba, ya sa mata kiɗa. Kafin ruwa ya sauko, yara na rera Zagaye a kan titi.

Jirgin ya zarce Damagaram, can ya sauka. Aka ɗaura aure ba uban amarya, ƙanensa ya tsaya a madadinsa, manyan baƙi suka ci tuwon biki a garin da ba a gayyace su ba. Washegari da hantsi suka sauka lafiya lau, ba kiɗa ba guɗa. Na ɗauko Alhaji, ya ce Kumanda ma ya shigo. Mun yi nisa, sai Alhaji ya ce, "Kumanda, ba ka yarda da Allah ba ne?"

Kawu ya ce, "Na yarda da shi, Alhaji. Shi ya ba ni ido, shi ya nuna mini iskar. In na runtse na sauka da mutum takwas, mi zan gaya mishi?"

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce kai da kake ƙasa, iskar ta kai yadda yake faɗi? Na kalli madubi, na ga Kawu a baya da hularsa mai baki a kan gwiwa. Na tuna rigunan da suka sauya hanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko hulata ba ta faɗi ba."

Ban taɓa yin ƙaryar da ta fito sumul kamar wannan ba, ni da ƙarya ce abin hirata. Kawu ya dubi ƙeyata, ya dubi tsohuwar hular da na aro wurin maƙwabci, ya mai da ido waje. Kafin sati ya cika aka ce masa ya huta. Ya miƙa makullai, ya kewaye jirgin sau ɗaya yana shafa shi, ya tafi. Ya sayi 'yar gona a Jiratawa ya koma noman zogale da albasa. Sunan ya bi shi har can. Abin da ya fi ƙona mini rai, amsawa yake yi. A ce Zagaye, ya ce na'am.

Aka kawo Ƙaramin Kumanda, dogo, mai tabarau, mai dariya da haƙora duka. Wannan ba ya zagaye. Yana ɓullowa zai dire, ko ana ruwan ƙanƙara. Jama'a su yi ta tafi, maroƙa su yi masa kirari, Alhaji ya cusa masa tukwici a aljihu a gaban kowa. Aka mai da abin kamar dambe: wanda ya sauka karo ɗaya jarumi, wanda ya koma sama ya ji tsoro. Ni ne kan gaba wajen tafi. Rigunan dai ba su dawo wurina ba, sun ƙara gaba ne kawai.

Damina biyu bayan haka burina ya cika. Na kai mota gyara Yamai, Alhaji ya gan ni ina neman motar haya, ya ce shigo mu tafi. Na shiga jirgi da ƙafar dama, na zauna kamar ango. Na sha lemo uku don kada a ce ban mora ba. Na leƙa taga na ga duniya kamar faifai, na ce ashe wannan Kawu ya hana ni. Da muka kusa Maraɗi sai gari ya rufe, ruwa na dukan gilashi, jirgi ya fara rawa kamar tsohuwar kamyo a hanyar Dakoro. Labulen da ke tsakaninmu da matuƙa a buɗe yake, Alhaji kuma a kujerar farko, don ba ya son baya ko a sama. Na ji mataimakin matuƙi yana faɗin gudu ya yi yawa, sun yi sama da yawa, su tashi su sake. Na ga hannun Ƙaramin Kumanda ya tafi kan abin ƙara wuta. Sai Alhaji ya miƙa wuya ya ce, "Kai, kada ka yi mini Zagaye. Mutane na jira."

Maganata ce. Daga bakina ta fito, ta zaga gari shekara biyu, ta zo ta same ni a sama. Na ga hannun ya tsaya, ya janye.

Ƙafafun jirgi ba su taɓa ƙasa ba sai da muka cinye fiye da rabin pist, ga ruwa kwance a kai, ga iska ta baya. Ya taka birki, birki ya ce bai san zancen ba. Na ga ƙarshen gudron yana tahowa da gudu. Muka tsallake, muka keta waya, muka shiga gonar gero, ƙafar gaba ta karye, hanci ya caki ƙasa. Salatin da na yi a wannan ɗan lokaci, in aka raba wa Sabon Gari kowa sai ya samu. Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba, ba wanda ya mutu. Alhaji ya karye a ƙugu, tun daga nan bai ƙara tafiya ba sanda ba. Ni na bar haƙora biyu a gonar mutane da ƙafa ɗaya da ta gajarce. Ƙaramin Kumanda bayansa ne ya taɓu. Bai sake tuƙa ko keke ba. Mai gonar kuma ya zo yana tambayar wa ya ba mu izinin shiga.

Kawu ne mutum na farko da na gani da na farfaɗo a asibiti, da ƙwaryar fura a hannu da laka a ƙafa. Na rufe ido ina jiran ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Ya gyara mini matashi, ya tambayi ko lemon jirgi da daɗi. Kullum yana zuwa daga Jiratawa a kan tsohon babur. Amma ku ji abin haushi: minti goma yake yi a wurina, sai ya wuce ɗakin Ƙaramin Kumanda ya yi awa uku. Mutumin da ya gaje masa kujera. Shi yake juya shi, shi yake masa alwala, shi ya hana shi ƙin abinci lokacin da ya ce gara ya mutu. Na taɓa jan ƙafata na laɓe a ƙofa, na ji yana ce masa ba hannunsa ne ya kasa ba, kunnensa ne ya saurari wanda bai kamata ba, kuma shi ma a ƙuruciya ya taɓa saurara, Allah ne ya rufa asiri. Na koma gadona ina cizon yatsa da sauran haƙorana. Na ce wa matata ni ma da na sani bayana na karya.

Alhaji ya aika a kira Kawu ya dawo, za a sayi sabon jirgi. Kawu ya je ya gaishe shi, ya yi masa sannu, ya ce zogalensa ya fara fure, ba mai ba shi ruwa. Ba a sake sayen jirgin ba.

Tun daga asibiti na ƙudura zan je in faɗa masa gaskiya: sunan ni ne, ƙaryar hula ni ne. Na sayi 'yar motata ta haya, Jiratawa ba nisa. Sai in sa riga mai kyau, in sayi goro, in kama hanya ina haddace abin da zan faɗa. In shigo layinsu, in hango bishiyar dalbejiyar ƙofar gidansa, sai maganar ta watse. In ce yau akwai mutane, ko yau fuskata ba ta yi kalar tuba ba. In wuce, in juya a bakin rijiya, in dawo Maraɗi in cinye goron. Mun haɗu a suna da biki da jana'iza ba adadi, muka gaisa, na ba shi dariya, amma wannan ba wurin maganar ba ne. Man da na ƙona a hanyar Jiratawa ya isa kai ni Makka da dawowa. Har aka bugo mini waya wata safiya aka ce ya yi sallar asuba, ya zagaya gonarsa, ya zauna gindin bishiya, shi ke nan.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta aiko a kira ni da Ƙaramin Kumanda. Ta fito da hular nan mai baki, an goge ta tana ƙyalli, ta ce marigayi ya ce a ba shi. Ya karɓa ya kifa fuska a ciki. Hular da na yi shekara da shekaru ina mafarkin sawa, ta wuce ta gaban hancina. Na fara shirya fuskar wanda bai damu ba.

Sai Inna ta ce, "Kai kuma ɗan nan, ka wahalar mana da tabarma." Na ce wace tabarma? Ta ce duk ranar da motata ta shigo layi, Kawu na ganinta ta katangar zana. Sai ya ce a shimfiɗa tabarma a ɗora shayi, ga ɗan yaya nan. In na wuce na juya a rijiya, sai ya ce a naɗe, bai daidaita ba tukuna, zai sake zagayowa. Ta ce ita har ta gaji ta ce bari ta aika a tare ni, ya hana. Ya ce ba a jawo mai sauka da igiya.

Ta miƙo mini wani ƙulli a tsohuwar jarida. Na buɗe. Hula ce ja, mai aikin hannu, sabuwa, sai dai ninkin ya yi layi don daɗewa.

Ta ce, "Satin da aka sallame shi ya saye ta. Ya ce in ba ka iso ba ya tahi, in ba ka, in ce madadin wadda iska ta ɗauke maka. Ya ce a gangarowa ta biyu ya hango wani mai tumbi yana bin jar hula cikin fili, ita ta ƙara tabbatar mishi iskar ta bayansa take. Ya ce in gode maka, hularka ta taimaki mutum takwas."

Na tambaye ta ko ya ce ya yafe. Ta ce ita ba ta taɓa jin ya ce an yi masa laifi ba, balle ta ji yafiya. Abin da ta sani, shekara goma sha ɗaya shayina yake fara zubawa kafin nasa.

Na fita zaure, sauran dattawa na nan ba su tashi ba, har da Alhaji. Na tsaya a tsakiya na faɗi duka, sunan da ƙaryar, ba ƙari ko ɗaya, karo na farko a rayuwata. Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya ce shi ma ya ga tabarmi na tashi ta taga a ranar, tambayata kawai ya yi don yana neman wanda zai ce masa ba haka ba ne.

Hular ta yi mini kaɗan. Kawu ya auna kaina na wancan lokaci, bai san zai ƙara girma ba. Tana zaune a tsakiyar kaina kamar murfin tulu, yara na dariya, matata ta ce in ba ta ta buɗe ɗinkin, na ce kada ta taɓa. Ranar Juma'a na ga Ƙaramin Kumanda a masallaci, na tabbata tasa ta fi tawa kyau, kuma har gobe ina jin haushin hakan. Amma in iska ta taso yanzu, hannu biyu nake sawa in danne tawa.

Allah, ga bawanka nan ya iso gare ka, wanda bai taɓa sauke kowa inda zai ji ciwo ba. Ka sauke shi a hankali, ka yalwata masa wuri, ka yafe masa, ka yafe wa mu da muka tsaya a ƙasa muna dariya. Amin.